Tukwanen da Aka Wanke Don Baƙi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, wakilin mai girma gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin Sarki, magajin gari, hakimai da masu gari da suka taso tun daga Mirriya da Tirmini da Damagaram Takaya, malamanmu na addini, likitoci da unguwar zoma, iyaye mata da ke ƙarƙashin rumfar hagu, ɗalibai da ke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare a kan manya, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya bikin buɗe wannan sabon ɗakin bincike, wanda ya tuna cewa ina da rai. Ina godiya ga mai gabatarwa, sai dai zan yi masa gyara guda. Ya kira ni Dokta Habu. Ni ba dokta ba ne. Sunana Habu Ɗanƙarami, tsohon ma'aikacin labo, wato ɗakin bincike, mai ritaya, mazaunin Birni. An yi mini karatu da dukiyar ƙasa, daga garin nan zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Dakar, daga Dakar zuwa Turai, amma takardar dokta ban karɓe ta ba, kuma dalilin haka yana cikin abin da zan faɗa.

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2007, a cikin garin nan, a wata cibiya da yanzu babu ita, aka wanke mini tukwane. Tun daga ranar ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi, ba wanda ya miƙo mini lasifika, sai yau. An ce in yi bayani a kan yadda ake ware murɗaɗɗun ƙwayoyin cuta na baki, da yadda ake raya su a ɗakin bincike. Zan yi. Zan faɗi ko su wane ne, zan faɗi yadda ake ware su, zan faɗi yadda ake raya su, sannan in ƙara da abin da ba a sa ni ba, wato yadda ake kashe su, domin a wannan fanni kaɗai muka riga Turawa.

Na farko, su wane ne?

A bakin kowane ɗaya daga cikinmu, tun daga kan masu kujerun gaba har zuwa ɗaliban da ke baya, akwai halittu iri-iri da ido ba ya gani. Wasu dunƙulallu ne, wasu kamar guntun kara. Akwai kuma wata siririya, doguwa, murɗaɗɗiya kamar igiyar da aka tufka, wadda ba ta tafiya sai da juyi, tana huda abin da ke gabanta. Masana suna kiran danginta Tireponema. Don tsananin sirantarta, madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta sosai. Sai an duhunta filin madubin, an haska ta daga gefe, kamar yadda ake ganin ƙura a cikin hasken da ya shigo ɗaki ta hudar ƙyaure. A nan za ka ga zaren azurfa yana murɗawa a cikin baƙin fili. Na fara ganinta ina saurayi, kuma ban sake sha'awar wani aiki ba.

A lafiyayyen baki ba su da yawa. A dasashin da ya fara ruɓewa kuwa, cincirindo suke yi. Iyaye mata da ke nan sun san ciwon nan da ke kama yaro bayan ƙyanda ko bayan yunwa, ya fara daga dasashi, ya ci leɓe, ya huda kumatu, wanda likitoci ke kira noma. A farkon irin wannan miki ana samun murɗaɗɗun nan da yawa. Abin da ba a tantance ba shi ne, su ne suka kunna wutar, ko kuwa sun tarar da ita ne suka zo jin ɗumi? Ba za ka san halin abu ba sai ka raba shi da jama'a, ka zauna da shi shi kaɗai. Aikin ke nan.

Wata shekara, bayan damina ta yi gardama, wata mata mai suna Balki ta kawo 'yarta daga wani ƙauye bayan Tirmini. Sunan yarinyar Wasila, ba ta wuce shekara huɗu ba. Bayan likita ya gama abin da zai iya, na roƙi uwar ta bar ni in ɗibi kaɗan daga gefen mikin.

Ta ce, "Malam, me za ka yi da shi?"

Na ce, "Kiwata shi zan yi, baiwar Allah."

Ta dube ni, ta ce, "Mutane na kiwon awaki, kai abin da ke cin 'yata za ka kiwata?"

Na ce, "Sai na kiwata shi zan san abin da yake ci, da abin da ke kashe shi."

Ta ce, "To, ɗiba. Amma in ka gane shi, ka faɗa mini sunansa. Kowa da abin da yake ce mini. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce baki ne. Ina so in san wanda ya yi mini wannan."

Na ce mata in Allah ya yarda zan faɗa mata. Wasila ba ta kai Juma'a ba. Abin da na ɗiba daga bakinta shi ne ya rayu.

Na biyu, yaya ake ware su?

Abin da ka ɗibo daga baki kasuwa ce guda, kowa da kowa na ciki, kuma wadda kake nema ita ce mai jinkirin girma. In ka zuba su a abinci ɗaya, masu saurin haihuwa za su cinye, su bar ta. Sai ka yi amfani da halinta. Ana dafa musu wani abinci ya kafe a farantin gilashi, kamar koko da ya kwana. A shimfiɗa masa wata rariya a kai, mai huda ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. A ɗiga abin da aka ɗibo a kan rariyar. Masu ƙiba su tsaya a sama. Ita kuwa, da yake siririya ce mai juyi, sai ta huda ta wuce ƙasa, ta nutsa cikin abincin. Ana kuma ƙara ɗan wani magani daga cikin magungunan tarin fuka, wanda yake kashe yawancin maƙwabtanta amma ba ya damunta. Bayan mako guda ko biyu, in ka ɗaga rariyar, za ka ga wani hazo-hazo a cikin abincin, kamar hucin baki a kan madubi. Wannan hazon su ne. Ka yanko daga can bakin gefensa, inda waɗanda suka fi nisa suka kai, ka kai sabon faranti. Ka sake. Ka sake. Har ranar da za ka duba madubi ka ga ba kowa a filin sai iri ɗaya.

A baki abin yana da sauƙi. Na fi shekara ina yi yana lalacewa. Na Wasila ne ya fara fita tsaf. Bayansa na samu wasu biyar daga bakin wasu yara.

Na uku, yaya ake raya su? A nan nake roƙon ɗalibai su buɗe kunne, manya kuma su yi haƙuri da tsawon magana.

Suna son abinci mai daraja. Ba sa girma sai an sa musu ruwan jini, kuma na zomo ya fi karɓarsu. Ba a aiko mana da shi ba, don haka na kafa akurkin zomaye a bayan gidana. Ana ɗibar jinin kaɗan daga kunne, zomon ya koma cin ganyensa. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, takan ce, "An tura ka Turai, ka dawo mana da kiwon zomo." Suna son ɗumi irin na jikin mutum, ba sama ba ƙasa. Muna da akwatin ɗumi mai aiki da lantarki, kuma kun san halin lantarkin garin nan. Da bazara ban damu ba, domin Damagaram kanta akwatin ɗumi ce.

Amma babban sharaɗi, wanda saboda shi na tsaya a gabanku, shi ne wannan: iskar da muke shaƙa mu rayu, ita ce ajalinsu. A can ƙarƙashin dasashi suke zaune, inda iska ba ta kai. In ta daɗe a kansu, sun mutu. Saboda haka ana jera farantan a cikin wata tukunya mai kauri, mai murfi da ake ɗaurewa tam, wadda a wurin aiki muke kira bokal. A jefa wani ƙunshin magani a ciki mai shanye iskar. A sa wata 'yar takarda shuɗiya: in ta koma fara, iska ta ƙare, suna lafiya. In ka ga ta sake yin shuɗi, to, ka yi salati.

Kuma ba a barin su a faranti ɗaya. Suna cinye abincin su mutu a cikin ƙazantarsu. Dole a riƙa yi musu dashe, kamar yadda masu garka a Mirriya ke dasa albasa, a ɗebo daga tsoho a kai sabo, da sauri, a rufe. A manyan ƙasashe suna da firijin da sanyinsa ya wuce na ƙanƙara nesa, sai a daskarar da iri a ajiye shekara da shekaru. Mu ba mu da shi. Abin da ke cikin tukunya shi ke nan, babu wani a ko'ina. Tsofaffin da ke nan sun tuna lokacin da ashana ba ta wadata ba, ana ɗaukar garwashi daga gida zuwa gida a cikin sakaina. Haka na riƙe su, shekara kusan huɗu. Ban kwana a wani gari ba. An ba ni kujerar Makka, na bar wa ƙanena.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba: suna wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, yana kama tufa, yana kama bango. Abokan aikina sun raɗa wa ɗakin suna masan Habu, wato shaddar Habu. Idirisu, mai sharar cibiyar, yakan tsaya a ƙofa ya toshe hanci ya ce, "Malam, yau kuma wa ya mutu?"

Balki tana kawo gyaɗa kasuwar Dole kowace Alhamis. In ta tashi sai ta biyo ta tagata.

"Malam, dabbobinka suna nan?"

"Suna nan."

"Ka san sunansa?"

"Tukuna."

Sai ta zuba mini gyaɗa cikin tafi ta wuce. Gaskiya nake faɗa mata. Na san danginsu, amma ainihin sunan, da ko an taɓa ganin irinsu a wani wuri, wannan sai an kai su inda ake da na'urar karanta asalin halitta. Na yi ta rubuta wasiƙu har wata tsohuwar farfesa a Turai ta amsa. Ta ce za ta zo da kanta, tare da mutanen Yamai, da wani tulu mai tsananin sanyi, ta ɗauki irin duka shida. A kan sakamakon ne zan rubuta littafin zama dokta.

Na huɗu, yadda ake kashe su.

Daraktanmu a lokacin, marigayi Malam Suma'ila, mutumin kirki ne, mai kyauta, mai son a fita kunya. Allah ya jiƙansa. Ba zan ce ya ƙi ni ba, don bai ƙi ni ba. Kun san al'adarmu: ba a jiran babban baƙo a ƙofar gida, fita ake yi a tare shi a hanya. Da safiyar Larabar ya kira ni ya ce, "Habu, baƙinka ne, kai ka san harshensu. Ɗauki mota ka tare su a Tirmini." Na kulle ɗakina na tafi. Darakta kuwa yana da makulli na biyu na kowane ɗaki, haka tsarin yake. Muka zauna a gindin wata bishiya a bakin hanya tun hantsi, motar baƙi ba ta iso ba sai bayan azahar.

A nan gari ana ta shiri. An share fili, an yayyafa ruwa, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Mata sun zo da kasake, sun bi ɗaki-ɗaki da turaren wuta, kuma kun san matan Damagaram ba a koya musu turare. Amma duk inda aka turara, wari ya dawo. Aka bi shi har ƙofata. Idirisu ne ya ba ni labarin abin da Darakta ya ce da ya buɗe. Ya ce, "Subhanallahi! Baƙi su taso tun daga Turai su tarar da wannan? A je a ce haka mutanen Damagaram suke? Habu ya cika aiki har ya manta da wanke kayansa. Ku fitar, ku wanke, ku shanya. In ya dawo zai gode mana."

Jama'a, ku lura, bai yi abin da iyayenmu ba su koya mana ba. Ƙwarya in ta yi wari me ake yi mata? Tulu fa? Tabarmar jinya fa? A wanke, a kife a rana, iska ta buga. Wannan daidai ne a kowane gida a ƙasar nan, daidai ne a kowane ɗaki na cibiyar, ban da ɗaki guda. A ganinsa tukwanen ne kayan daraja da baƙi za su duba, abin da ke ciki kuwa dauɗa ce. Baƙonka Annabinka, haka ne. Tsafta tana cikin imani, haka ne. Garin neman gira kuma aka rasa ido, shi ma haka ne.

Da muka iso, ƙamshi ne ya tare mu tun daga ƙofa. Aka ba baƙi ruwa, aka yi jawabai irin na yau. Sannan Darakta ya ja mu bayan gini. A kan sabuwar tabarma, ga tukwanena a kife, ga murafu a jere, ga faranta suna ƙyalli a rana. Takardun nan an tattara su gefe guda an danne da dutse don kada iska ta kwashe, duk sun yi shuɗi.

Farfesa ta ce, "Ina suke?"

Darakta ya yi murmushi ya ce, "Ga su nan, tas."

Muka je muka ci ragon da aka gasa, kuma rago ne mai kyau. Washegari suka koma da tulunsu yadda suka zo da shi. Rahoton da aka aika Yamai ya ce ziyara ta gudana cikin nasara, baƙi sun yaba da tsafta.

Da Darakta ya fahimci abin da ya faru, ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Ya ce, "To, Habu, ka sake ɗibo wasu mana. Bakuna sun ƙare ne a garin?" Bakuna ba su ƙare ba. Na Wasila ne ya ƙare. Kafin shekara ta zagayo an rufe aikin, an daina aiko da ƙunshin maganin tukwane, aka mayar da ni duban fitsari da jinin masu zazzaɓi, a can na yi ritaya. Zomayen muka yanka ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban taro, ban kawo wannan labari don a yi mini jaje ba, lokacin jaje ya wuce. Na kawo shi ne saboda abin da na gani yau da safe. Na zo da wuri. Na ga an shafa wa duwatsu farar ƙasa. Na ji turaren wuta tun daga ƙofa. Na karɓi takardar tsarin biki, na ga an rubuta cewa bayan yanke ƙyalle, manyan baƙi za su shiga ɗakin ciki, a buɗe musu tukunya su gani, masu ɗaukar hoto su ɗauka.

Wadda aka ba shugabancin wannan ɗaki, Dokta Hafsatu, 'yar garin nan ce, kuma ita dokta ce ta gaske. Ga ta can zaune. A ɗakin ciki tana da tukwane, kuma a cikinsu akwai hazon farko da ya fito mata bayan wahalar da na san irinta. Firijin da aka yi mata alkawari bai iso ba tukuna. Abin da ke cikin tukwanen shi ke nan. Ita yarinya ce, tana jin nauyinku, in wakilin gwamna ya ce a buɗe ba za ta iya cewa a'a ba. Ni tsoho ne, ba abin da ya rage a ƙwace mini, don haka ni zan ce.

Kada a buɗe. Ƙofar ɗakin tana da gilashi, a leƙa ta nan. Wanda ya ji wari ya yi haƙuri, alama ce cewa suna da rai. Makulli kuma ya zama guda ɗaya, a hannun mai ɗakin, kada a yi na biyu don darakta, ko na yau ko na gobe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranka ya daɗe, shugaba, ina roƙon amsa yanzu, ba a rubuce ba, a gaban mutane.

Shugaba ya ɗaga hannu, ya amince. Jama'a kun gani, malamai kun gani, ku ne shaida.

Allah ya sa albarka a wannan gini da masu aiki a cikinsa. Allah ya ba shugabanninmu ikon tambaya kafin su ba da umarni. Allah ya kare 'ya'yanmu daga yunwa da ƙyanda da ciwon da ke biyo bayansu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya jiƙan Malam Suma'ila, ya jiƙan Wasila da sauran yaran, ya jiƙan iyayenmu. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Washegarin Larabar nan Alhamis ce. Balki ta biyo ta taga, ta ce, "Malam, yau kam ƙamshi! Biki aka yi? Ina dabbobinka?" Na ce, "An wanke su." Ta zuba mini gyaɗa cikin tafi kamar kullum, ta ɗauki tasarta. Ba ta sake biyowa ba.

Iri shida ne, daga bakin yara shida, kuma ba a ajiye ko ɗaya a wani wuri ba. Sunan da ta tambaya, har yau ba wanda ya sani.

Na gode.